3.2 Koyar da Dalilan Shigar Amurkawa Aikin Soja a Yaƙin Duniya na Biyu

A wannan sashe za a yi bayani a kan dalilan da suka sa Amurkawa, maza da mata, suka shiga aikin soja a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da kuma yadda ya kamata a koyar da su. Idan aka taƙaita dalilan ga kishin ƙasa kawai, ɗalibi zai fita aji da gurguwar fahimta, domin daga cikin kimanin mutum miliyan 16 da suka sanya kaki, wajen miliyan 10 doka ce ta kira su.

Dalili na farko shi ne tilas. A watan Satumba na shekarar 1940, tun Amurka ba ta shiga yaƙin ba, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa maza 'yan shekara 21 zuwa 35 su yi rajista. A 1942 aka sauko da shekarun ɗauka zuwa 18. Saboda haka, har cikin waɗanda suka kai kansu akwai masu yin haka don su zaɓi rundunar da suke so, kamar ta ruwa, kafin takardar kira ta iso.

Dalili na biyu shi ne kishin ƙasa. Harin da Japan ta kai Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941, ya hallaka Amurkawa kimanin 2,400, kuma a kwanakin da suka biyo baya matasa sun yi dafifi a ofisoshin ɗaukar soja.

Dalili na uku ya shafi tattalin arziki. Waɗannan matasa sun tashi ne cikin ƙuncin shekarun 1930, lokacin da rashin aiki ya kai kusan kashi 25 cikin ɗari a 1933. Soja kuwa yana da abinci da sutura da albashi, wanda a 1942 aka ɗaga zuwa dala 50 a wata ga kurtu.

Dalili na huɗu shi ne neman 'yanci. Baƙaƙen fata fiye da miliyan ɗaya sun yi aiki a rundunonin da aka ware su daga Turawa. A 1942 jaridar Pittsburgh Courier ta yi yekuwar neman nasara biyu, wato a kan abokan gaba a waje, da a kan wariyar launin fata a gida.

Dangane da mata kuwa, dokar tilas ba ta hau kansu ba, don haka duk kimanin 350,000 da suka shiga sun yi ne bisa raɗin kansu. An buɗe musu sassa a rundunar ƙasa da ta ruwa a 1942, inda suka yi aikin ofis da sadarwa da tuƙi, ban da masu aikin jinya. Wannan ya ba su damar koyon sana'a da samun albashi na kansu.

Wajen koyarwa, zai fi dacewa malami ya raba aji rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni fastar yekuwa ta gwamnati da wasiƙar wani soja, su gwada abin da hukuma ta faɗa da abin da mutum ya rubuta wa iyalinsa. Haka kuma ana iya kwatanta lamarin da na sojojin Nijeriya da Ingila ta kai Bama, domin ɗalibai da yawa sun ji labarinsu a gida. Ta haka ɗalibi zai gane cewa mutum ɗaya kan iya haɗa dalili biyu ko uku, kuma dole ne a bi hujja kafin a yanke hukunci.