Gansakuka, Man Fetur da Kifi: Abin da Manoman Kadawa Ya Kamata Su Sani

Duk wanda ya taɓa noman rani a Kura ko Bunkure ya san gansakuka. Ita ce koren abin nan mai santsi da ke lulluɓe ruwan da ya kwanta a ƙarshen kanal, ta toshe bakin tiyon injin ban-ruwa, ta kayar da yaro a kan siminti idan ya taka ba a hankali ba. Manomi ya sa hannu ya yaye ta ya watsar a kan kunya, ko waiwaye ba ya yi. Amma a Amurka an yi shekaru wajen 15 manyan kamfanoni na zuba ɗaruruwan miliyoyin daloli a kan dangin wannan abin da ake watsarwa, da nufin tatsar man mota da na jirgin sama daga jikinsa. Yadda labarin ya ƙare ya shafi yankin Kadawa, domin da yawa daga cikin waɗanda suka fita neman mai, a kasuwar abincin kifi suka sauke kayansu.

Abin da ya ja hankalinsu ba tatsuniya ba ne. Ban da nau'in nan mai zare-zare da ido ke gani, akwai ƙananan nau'o'in gansakuka da sai an sa madubin ɗakin bincike ake ganin ƙwayarsu, su ne ke mayar da ruwan kududdufi kore shar. Abincinsu hasken rana ne da iskar kabon da ɗan sinadarin taki, kuma wasu kan ninka yawansu a cikin yini guda. Idan aka rage musu taki, wasu nau'o'in sai su shiga tara mai a jikinsu, har ya kai kashi ɗaya cikin uku na nauyinsu bayan an busar, wani lokaci ma ya fi. Ga shi ba sa neman ƙasar noma mai kyau, wasunsu har a ruwan gishiri suke rayuwa. A lissafin takarda, hekta ɗaya ta gansakuka ta fi hektar waken suya ba da mai nesa ba kusa ba. Gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyin bincike a kan haka daga 1978 zuwa 1996, ta rufe shi lokacin da ɗanyen mai ya yi arha. Da farashin ganga ya hau har ya kai dala 147 a watan Yulin 2008, sai kowa ya tuna da tsohon binciken.

Kuma waɗanda suka shigo fagen ba ƙananan mutane ba ne. A 2009 kamfanin mai na ExxonMobil ya yi shelar ware dala miliyan 600 tare da kamfanin Craig Venter, masanin da ya yi suna wajen karanta tsarin ƙwayoyin gado na ɗan Adam. Kamfanin Shell ya riga shi, domin tun a ƙarshen 2007 ya haɗa gwiwa aka kafa Cellana a tsibirin Hawai. Shi kuwa Solazyme, abokai biyu ne suka kafa shi a 2003 a jihar Kalifoniya: Harrison Dillon, mai digirin digirgir a ilimin ƙwayoyin gado kuma lauya, da Jonathan Wolfson, wanda ya karanta shari'a da kasuwanci. In dai takardun shaida da sanin manya ke tayar da kamfani, to waɗannan ba su da abin nema.

Solazyme ya yi abin a zo a gani. A 2011 ya sayar da hannun jari ya tara kusan dala miliyan 200, kuma a watan Nuwamban shekarar jirgin fasinja na United ya tashi daga Houston zuwa Chicago da man da aka gauraya da na gansakukarsa. Sojojin ruwan Amurka ma sun sayi mai daga wurinsa tare da wani kamfanin don atisayen 2012, galan 450,000 a kan dala miliyan 12. Mai karatu ya raba da kansa: galan ɗaya ya tashi a kan kusan dala 27, alhali man da aka saba da shi bai kai dala 4 ba. A nan gizo ke saƙa. Sojoji za su iya sayen abu da tsada don gwaji, direban tirela ba zai saya ba.

Tsadar daga ruwa take fitowa. A buɗaɗɗen kandami, lita ɗaya ta koren ruwa da ƙyar take ba da rabin giram na busasshiyar gansakuka, wato sai an tace lita 1,000 kafin a sami rabin kilo, sannan a fara maganar matse mai daga ciki. Tacewa da busarwa wuta suke ci. Kandamin kansa dole a riƙa juya ruwansa da farfela dare da rana. Ga taki da za a saya, ga ƙananan ƙwari da baƙin nau'o'i da iska ke kawowa, waɗanda kan cinye kandami guda cikin 'yan kwanaki. Solazyme ya kauce wa wannan ta hanyar renon tasa a rufaffun tankuna cikin duhu yana ciyar da ita sukari, sai dai sukarin ma da kuɗi ake saye. Ana cikin haka farashin ɗanyen mai ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016.

Shell tun 2011 ya zare hannunsa daga Cellana. A 2013 shugaban ExxonMobil na lokacin, Rex Tillerson, ya amsa da bakinsa cewa man gansakuka na iya ɗaukar shekara 25 ko fiye kafin ya shiga kasuwa, amma kamfanin ya ci gaba da tallata aikin a talabijin, har ya janye a ƙarshen 2022 bayan ya kashe sama da dala miliyan 350. Solazyme ya sauya suna zuwa TerraVia a 2016, ya koma harkar abinci, a 2017 ya durƙushe. Kamfanin Corbion na ƙasar Holan ya saye shi a kan kusan dala miliyan 20.

Abin lura shi ne me Corbion ya gani a cikin kangon da har ya sa kuɗinsa. Wani gari ne mai suna AlgaPrime, wanda ake yi a Barazil daga gansakuka, ana zuba shi a abincin kifin salmon da ake kiwo a ƙasashe irin su Norwe. Kitsen nan mai amfani ga zuciya da ƙwaƙwalwa da likitoci ke yaba kifin teku saboda shi, asalinsa daga gansakuka yake: ƙananan halittu su ci ta, ƙananan kifaye su ci su, manya su ci ƙananan. Masu kiwo sun daɗe suna dogaro da gari da man ƙananan kifayen da ake kamowa daga teku, kuma teku ba ya ƙara girma. Shi ma Cellana, bayan tafiyar Shell, wajen abincin kifi da na dabbobi da wannan kitsen ya karkata. Kilo ɗaya na irin wannan kaya ya ninka kilon man mota daraja sau da yawa, ga kuma masu saye a tsaye da kuɗinsu. Shugabannin da suka fara tambayar wa zai saya kuma a nawa, su ne suka tsira da wani abu. Sauran sun tsaya ne a kan ko abin zai yiwu a ɗakin bincike, kuma ya yiwu ɗin, kasuwa ce ba ta karɓa ba.

Mutanen Kadawa ba sai an je da su Kalifoniya kafin su gane wannan ba. A watan Maris na 2016 aka buɗe masana'antar tumatir ta Dangote a ƙofar gidansu, wadda aka gina don ta niƙa tan 1,200 a kowace rana. Jari akwai, injuna sababbi, sunan mai kamfani ba a bayaninsa. Sai ƙwarin nan da manoma ke kira Sharon suka faɗa wa gonaki a shekarar, tumatir ya yi wuya, aka kulle ƙofa. Bayan an sake buɗewa a 2019 ma matsalar ba ta kau ba: idan kwando ya yi tsada a kasuwar Kwanar Gafan, manomi can zai kai kayansa, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Masana'antar da aka gina don ta ci kullum ba ta iya zama da kayan da ke zuwa 'yan watanni a shekara, a farashin da ke hawa da sauka.

A wannan yankin kuma aka ga irin jagorancin da ya bar abin da ake ci har yau. Audu Bako ɗan sanda ne, ba injiniyan ruwa ba, amma a mulkinsa na jihar Kano daga 1967 zuwa 1975 aka gina dam ɗin Bagauda, aka kammala na Tiga a 1974, mai ɗaukar ruwa kusan mita kubik biliyan 2. Daga can ruwan ke gangarowa da kansa ta babban kanal, ba tare da injin turawa ba, ya bi ta Ruwan Kanya ya shiga gonakin Bunkure da Garun Malam da Kura, a shirin da aka tsara wa hekta 22,000 a kashin farko. Ya samo masana, ya saurare su, ya zaɓi aikin da buƙatarsa ke a fili: mutane na da ƙasa, suna da ƙarfi, ruwa ne babu da rani. Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ta gaji kula da shi. Da kanal-kanal suka cike da yashi da ciyawa bayan shekaru na sakaci, sai da rancen Bankin Duniya na shirin TRIMING, wanda aka amince da shi a 2014, aka yi gyara, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa don su riƙe ƙananan hanyoyin da kansu.

To ina gansakuka za ta shiga a nan? Ta ƙofar kifi. Jami'an gwamnatin tarayya sun sha faɗin cewa Nijeriya na buƙatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hakan da yawa ba, ragowar giɓin da daskararren kifin waje ake rage shi. Duk mai kiwon tarwaɗa zai gaya maka abinci ne ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin da yake kashewa. Tarwaɗa maciyiyar nama ce, tana neman abinci mai sinadarin gina jiki da yawa, koren ruwa kaɗai ba ya ƙosar da ita. Karfasa kuwa daban take: tana tace ƙananan gansakuka daga ruwa ta ci. Shi ya sa a Masar da ƙasashen Asiya masu kiwonta kan zuba kashin kaji ko ɗan takin zamani a kandamin ƙasa don ruwa ya yi kore, su rage sayen buhu. Ruwan da aka sauya daga kandamin kuma, in aka kora shi fadamar kayan lambu, taki ne.

Abin yana da ƙa'ida. Da rana gansakuka na saka iskar numfashi a ruwa, da dare ita ma shaƙa take yi, saboda haka idan ta yi kauri fiye da kima, da asuba za a tarar da kifi sun taso sama suna haki, wani lokaci a wayi gari sun mutu. Masu sana'ar suna gwadawa da hannu: a tsoma shi har gwiwar hannu, in tafin ya ɓace tun kafin a kai nan, ruwan ya yi kauri, a dakata da taki a ƙara sabon ruwa. Akwai kuma nau'in da ke yin kumfa kamar an zuba fenti, wanda wasu daga cikinsa ke da guba ga kifi da dabbobi da mutane.

Ko noman gansakuka don ci ba baƙo ba ne a ƙasashen nan. A yankin Kanem na Chadi, matan Kanembu sun gaji kwasar wata iri daga tafkunan kanwa, su shanya ta a kan yashi ta bushe, su sayar a kasuwa da sunan dihe, ana miya da ita. Ita ce duniya ta sani da spirulina, kuma wajen kashi 60 cikin ɗari na busasshiyarta sinadarin gina jiki ne. Tana son zafi da ruwa mai kanwa, wanda yawancin baƙin nau'o'i ba sa jurewa, dalilin da ya sa ta fi sauran sauƙin renowa a fili ke nan. Kanwa dai ba ta yanke a kasuwannin Kano ba.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, mai injin ban-ruwa ya san zafin lita, kuma duk wanda ya zo da zancen mai daga wani abu daban zai sami masu saurare. Idan wata rana wani ya sauka a Kura da majigi da hotunan korayen tankuna yana neman fili ko hannun jari, kada yawan digirin shugabannin kamfaninsa ya rufe wa jama'a baki. A tambaye shi ko a cikinsu akwai wanda ya taɓa riƙe kandami ya fitar da shi lafiya daga sanyin hunturu da zafin bazara. A tambaye shi wa ya yi alkawarin sayen kayan, a rubuce, kuma a wane farashi. Ruwan da zai sha, a ƙasar da rana ke ƙafar da wajen mita 2 na buɗaɗɗen ruwa a shekara, daga rabon wa za a cire shi, ganin cewa manoman Hadeja da masuntan Nguru ma ruwan da ke fitowa daga Tiga suke jira? Wutar juya farfela kuma daga ina?

Akwai tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello a Kadawa, akwai wurin ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi da cibiyar koyar da kiwonsa a Bagauda, ga Jami'ar Bayero a Kano. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na Kura da Bunkure su nemi waɗannan wurare a gwada kandamin karfasa ɗaya ko biyu na koren ruwa a gefen kanal, a rubuta abin da aka kashe da abin da aka girba na shekara guda, a karanta wa manoma lissafin a bainar jama'a kafin kowa ya sa hannu a takardar wani kamfani.