Sauya Batirin Babur: Yadda Ake Auna Tsada Da Amfani

A yawancin garuruwan kudancin ƙasar nan babur jari ne. Akwai masu haya da shi, akwai kamfanonin da ke kai saƙo da kaya gida-gida, akwai kuma masu hali da kan sayi babura da dama su raba wa matasa, a riƙa kawo musu balas kowace rana. Ko a Legas, inda gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga ranar 1 ga watan Yunin 2022, baburan kai saƙo ba su daina zirga-zirga ba. Ga dukkan waɗannan masu jari, batir yana cikin kayan da ake sauyawa a kai a kai, amma sau da yawa ba a zama a yi lissafin abin da sauyin yake ci a shekara. Kuɗin da aka miƙa wa mai shago kashi ɗaya ne kurum daga cikin tsadar batir. Sauran tsadar tana cikin yawan watannin da zai yi yana aiki, da kuma ranakun da babur zai yi a jingine saboda shi.

Da farko dai ya kamata a san abin da ya ɗaga farashin. Akasarin baturan babur da ake sayarwa a kasuwar Nkwo ta Nnewi, wadda ta yi suna wajen kayan babur, da kasuwannin kayan gyara na Legas, daga ƙasashen Asiya ake shigo da su, musamman Sin da Indiya, kuma da dala ake biya. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar naira a watan Yunin 2023, ana canjin dala a hukumance a kan kimanin naira 460. Cikin shekarar 2024 canjin ya haura naira 1,500. A kan wannan sai a ɗora kuɗin jirgin ruwa, da na kwastan, da harajin sayen kaya wanda aka ɗaga zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairun 2020, da kuɗin motar dako wanda ya tashi bayan janye tallafin fetur a watan Mayun 2023. Bugu da ƙari, fiye da rabin nauyin batir dalma ce, ita kuwa dalma a kasuwar ƙarafa ta Landan ake yanke farashinta, inda tan ɗaya ya yi ta kai-komo a wajen dala 2,000 a 'yan shekarun nan. Saboda haka ko batirin da aka haɗa a cikin gida ma, farashinsa dala yake bi.

Sanin yadda batir yake aiki shi zai taimaka wa mai saye ya gane abin da yake biya. Irin batirin da yawancin babura ke amfani da shi, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙago shi a 1859, kuma har yau tushen aikin bai sake ba. A cikinsa akwai ɗakuna shida, kowanne yana ɗauke da farantan dalma da aka tsoma cikin ruwan batir, kowane ɗaki kuma yana ba da bolt biyu da ɗoriya, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin lantarki. In aka haɗa su sai a sami bolt 12 da ake rubutawa a jikinsa. Lambar da ake rubutawa tare da haruffan Ah ita ke nuna yawan wutar da zai iya ajiyewa, kuma ƙananan babura masu sitata galibi ba sukan wuce tsakanin 5 da 9 ba. Batir ba ya samar da wutar kansa na dindindin. Koyil ne ke samar da ita lokacin da injin ke aiki, sannan wata 'yar na'ura da bakanikai ke kira rektifaya ta daidaita ta, ta zuba wa batir.

Iri uku aka fi samu a kasuwa. Na farko shi ne mai ruwa, wanda ake buɗe murafansa a duba. Shi ya fi araha, amma yana bukatar a riƙa ƙara masa tataccen ruwa in ya ja baya. Na biyu shi ne rufaffe, wanda ba a ƙara masa komai, ba ya zuba in babur ya faɗi, kuma ya fi jure wa girgizar hanya mai gargada. Na uku shi ne na litiyam, mara nauyi, mai daɗewa, sai dai tsadarsa ta ninka ta sauran, kuma ba ya haƙuri da rektifaya mai ba da wuta fiye da kima. Ga babur ɗin haya na yau da kullum, zaɓi yakan tsaya ne tsakanin na farko da na biyu.

To, ta yaya za a auna wanda ya fi riba? Hanya mafi sauƙi ita ce a raba kuɗin batir da yawan watannin da ya yi yana aiki. A ɗauka, alal misali kawai, wani ya sayi batir naira 9,000 ya yi masa wata shida, wani kuma ya sayi na naira 18,000 ya yi masa wata 18. Na farko yana biyan naira 1,500 a kowane wata, na biyu kuwa naira 1,000. Ban da wannan, na farko zai je wurin bakanike sau uku a cikin lokacin da na biyu ya je sau ɗaya, kuma kowace tafiya tana cin kuɗin aiki da wani yanki na yinin da ya kamata a yi ana neman kuɗi. Mai babura goma sai ya ninka wannan bambanci sau goma. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Sai dai kuma tsada ma ba shaidar inganci ba ce, domin akwai jabun batura masu ɗauke da sunayen kamfanoni sanannu. Abin da zai raba gardama shi ne rubutu: a rubuta ranar da aka sa batir a jikinsa da kuma a littafin lissafi, a ajiye rasidi da takardar garanti. Cikin shekara guda mai jari zai gane da kansa wane iri da wane dillali ne suke fisshe shi.

Akwai wata asara da ta fi wannan, wato sauya batirin da ba shi da laifi, ko kuma ɗora sabo a kan babur mai lalataccen caji. Mitar awon lantarki, wadda kowane mai gyaran wutar babur ya kamata ya mallaka, tana warware wannan cikin 'yan mintoci. Batir mai lafiya da ya cika, in aka bar shi ya huta, yakan nuna bolt 12.6 ko sama da haka kaɗan. In ya yi ƙasa da 12, to wutarsa ta yi ƙasa ƙwarai, sai a yi masa caji a sake aunawa kafin a yanke masa hukunci. Daga nan sai a tada injin a ɗan ba shi wuta: ya kamata mitar ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5. In ba ta kai ba, koyil ko rektifaya ko wata waya ce ke da matsala, kuma sabon batir zai mutu kamar yadda tsohon ya mutu. In kuwa ta haura 15, rektifaya tana dafa batirin ne, ruwansa zai ƙone, wani lokaci har ya kumbura.

Wasu masu babura kan jinkirta sauyi da hujjar cewa kik yana tada injin ko babu batir. Gaskiya ne a kan babura da dama, domin fulogi daga koyil yake samun wutarsa. Amma hon yakan dushe, fitilun ba da hannu su daina ƙyaftawa yadda ya kamata, ƙwayayen fitila kuma su riƙa ƙonewa saboda babu batirin da zai shanye hawa da saukar wutar. Kuɗin da ake ganin an tara yana iya tafiya wajen sayen ƙwan fitila, ko biyan tara, ko kuma, Allah Ya kiyaye, jinyar haɗari. Sababbin babura masu tura mai ta hanyar lantarki kuwa galibi ba sa ko tashi in batir ya mutu.

Har ila yau, tsawon ran batir yana hannun mai shi. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa zafi yana gaggauta lalacewar batirin dalma, ta yadda kowane ƙarin digiri takwas zuwa goma a kan digiri 25 yakan rage kusan rabin kwanansa, don haka ajiye babur a inuwa ma tattali ne. Batirin da aka bari ba caji na tsawon makonni, wani gishiri mai tauri yakan daskare a kan farantansa, ya hana shi sake riƙe wuta. Ba a ƙara wa batir mai ruwa ruwan rijiya ko na famfo, ba a kuma ƙara masa sabon ruwan batir. Tataccen ruwa kaɗai ake zubawa. Wajen caji, ƙa'ida ita ce a ba shi kashi ɗaya cikin goma na lambar Ah ɗinsa a hankali, domin cajar mota tana yi masa ƙarfi. Ƙarin fitilu da lasifika da cajar waya da na'urar bin sawu duk daga batir suke sha, wasunsu ma ko injin yana kashe. Baburan kai saƙo, masu yawan tsayawa da tashi a gajeriyar tafiya, su ya fi kamata a riƙa aunawa.

Dillalai ma suna da nasu lissafi. Rufaffen batir yana zubar da wutarsa a hankali ko yana kan kanta, kuma a shago mai zafi abin ya fi sauri. Wanda ya jibge kaya da yawa don tsoron tashin dala, in bai riƙa sayar da na farkon shigowa da farko ba, yana kuma yi wa sauran caji lokaci-lokaci, zai wayi gari masu saye suna maido masa da kaya.

Daga ƙarshe, mataccen batir ma kuɗi ne, tunda dalmar cikinsa ana narka ta a sake amfani da ita, shi ya sa 'yan gwangwan ke sayensa. Ya kamata a cire abin da aka samu daga kuɗin sabon. Amma dalma guba ce, kuma 'yan ƙasar nan ba za su manta da yara fiye da 400 da gubarta ta hallaka a ƙauyukan masu haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ba. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta fito da ƙa'idojin kula da batura a ƙarƙashin hukumar kare muhalli ta NESREA, a 2025 kuma aka rufe wasu masana'antun narka tsofaffin batura a Ogijo ta Jihar Ogun saboda gurɓata muhalli. Don haka kada a fasa batir a gida ko a gareji, kada a tsiyaye ruwansa a kwata, a miƙa shi yadda yake ga dillali ko mai tarawa da hukuma ta sani. Mai jarin da ya auna kafin ya sauya, ya rubuta ranar sauyi, ya kuma mayar da tsohon inda ya dace, shi ne zai san ainihin abin da batir yake ci masa.