Wankin Ƙafa da Abin da Hotunan Ista Suke Ɓoyewa

Duk shekara, idan makon Ista ya zagayo, kafofin watsa labarai sukan cika da hotunan manyan limaman Kirista durƙushe gaban talakawa suna wanke musu ƙafa, kuma sharhin da ke biyo baya bai cika wuce kashi biyu ba: masu ganin abin neman suna ne, da masu yaba wa babban mutum da ya sauko daga kujerarsa na yini ɗaya. Marigayi Fafaroma Francis ne ya fi jawo wannan muhawara, tun daga Maris na 2013 da ya wanke ƙafafun matasa 12 a gidan yarin Casal del Marmo da ke Roma, cikinsu har da mata da Musulmi, zuwa 2024 da ya yi wa fursunoni mata a Rebibbia yana kan keken guragu. Duka ɓangarorin biyu sun tsaya a kan mai wankin, alhali a tauhidin Kirista maganar a kan halin Allah take.

Asalin al'adar yana cikin sura ta 13 ta Bisharar Yahaya, inda Yesu ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa a daren da za a bashe shi, aikin da a wancan zamani bawa ne yake yi wa baƙo. Wasiƙar Bulus zuwa ga Filibiyawa ta ba wannan fassara da kalmar Helenanci da masana ke kira kenosis, wato wofintar da kai, ma'ana Almasihu ya ajiye ɗaukakarsa ya ɗauki siffar bawa. Ke nan a wurin Kirista tawali'u hali ne da Allah ya fara nunawa, mai bi kuwa koyi kawai yake yi, don haka ba shi da abin tinƙaho a ciki. Augustine, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya ƙara da cewa wanda aka yi wa baftisma ya riga ya yi wanka, amma ƙafar da ke taka ƙasa kullum sai ta kwashi ƙura, saboda haka tuba aikin kowace rana ne. A kan wannan batu ne Martin Luther ya buɗe hujjojinsa 95 a 1517, inda ya nuna cewa rayuwar mai bi gaba ɗayanta tuba ce.

Abin takaici shi ne masu sharhi a Nijeriya suna hangen Roma suna mantawa da abin da ke ƙofar gidansu. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN, ta gaji wankin ƙafa daga wata ƙaramar jama'a da Alexander Mack ya jagoranta a ƙauyen Schwarzenau na Jamus a 1708, mutum takwas da suka ƙi ɗaukar makami, suka kuma riƙe umarnin Yesu kamar yadda ya zo. A Maris na 1923 ne 'yan mishan na wannan jama'a, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida, cikin jihar Adamawa ta yanzu, daga nan aikin ya bazu cikin Bura da Margi da Kilba da maƙwabtansu. A wannan ikkilisiya wankin ƙafa ba na shugaba kaɗai ba ne, domin a taron da ake haɗa shi da cin abinci tare da Jibin Ubangiji, kowa yana wanke wa na kusa da shi, shi ma a wanke masa, maza a gefe, mata a gefe, bayan an bukaci kowa ya binciki zuciyarsa ya shirya da wanda suka saɓa. Wannan ita ce ikkilisiyar da mafi yawan 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilun 2014 suka fito daga cikinta, wadda kuma Boko Haram ta mamaye hedkwatarta a Kwarhi kusa da Mubi a Oktoban shekarar, duk da haka shugabanninta ba su yi kiran ramuwa ba.

Wanda ya san wannan tarihi ba zai gamsu da wankin ƙafar da ake yi don kyamara ba. Fasto da ke tafiya da jerin motoci da masu riƙe masa jaka, da ɗan siyasar da ba ya durƙusawa gaban bagade sai lokacin neman ƙuri'a, duk suna bukatar su tuna cewa ruwan da ke cikin daro ba ya wanke albashin ma'aikaci da aka danne. Gidajen gyaran hali na ƙasar nan cike suke da mutanen da mafi yawansu jiran shari'a suke yi, wasu shekara da shekaru, kuma ikkilisiyoyi da jami'an da ke cika kujerun gaba ranar Lahadi suna da lauyoyi da kuɗin da za su bi kadinsu. Su fara daga nan, tun kafin wata Ista ta zo.