Daga gansakukar randa zuwa gindin jirgin ruwa

Duk matar da ta taɓa wanke randa a Illela ta san santsin nan da ke kama cikinta idan ruwa ya kwana biyu. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke kafa gida, gansakuka ta biyo baya. Haka abin yake farawa a gindin jirgin ruwa, sai dai a teku ciyayi da halittu masu ɓawo suna hawa kan santsin har jirgi ya yi nauyin tafiya, ya ƙara shan mai. Mu da muke bakin iyakar Ƙonni ba mu da teku, amma kaya da yawa a kasuwarmu jirgi ne ya sauke su a Legas ko Kwatano.

An daɗe ana yaƙar wannan ɗauɗa da guba. Fenti mai sinadarin TBT ya yi aiki, ya kuma yi ɓarna, har matan dodon-koɗin teku suka riƙa fitar da gaban maza. Yarjejeniyar duniya da ta hana shi ta fara aiki a 2008.

Da aka hana gubar, kallon halittun da kyau ya ƙara daraja. Idan aka sa santsin nan a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ka ga halittu masu ɓawon gilas, wasu kamar faifai, wasu kamar zanen ƙwarya, wasu ka rantse ɗinkin aska takwas ne a wuyan babbar riga. Tun 1899 Bajamushe Ernst Haeckel ya fara buga zanen halittun ruwa a matsayin abin ƙawa, yau kuma har gasar irin waɗannan hotuna ake yi. Kallon fatar kifin shak, mai jerin ƙananan tudu, shi ya ba Anthony Brennan na Jami'ar Florida dabarar ƙera shimfiɗar da halittu ke shan wahalar mannewa a kanta, ba tare da guba ba.

Abu ɗaya nake so mai karatu ya riƙe. Madubin ƙara girma mai aiki da ilektron baƙi da fari yake fitar da hoto. Shuɗi da jan da ke burge ka a irin wannan hoto a waya, mutum ne ya shafa su daga baya. Ka yaba kyan, amma ka tambayi wanda ya zaɓi launin.