Kafin Mu Ɗauki Alƙalami: Shirin Takardar Neman Aiki a Garu

A Garu, kamar sauran garuruwan ƙaramar hukumar Malanbil, yaro yakan tashi ne da sana'a a hannu: noman shinkafa da albasa a fadamar kogin Kwara, ko ciniki a babbar kasuwar Malanbil, ko dako a bakin gadar da ta haɗa mu da Gaya. Amma da aka rufe iyaka a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, manyan motoci suka tsaya, samarinmu da yawa suka koma neman aikin albashi. Nan fa aka ce musu su kawo CV, wato takardar da ke bayyana ko wane ne mutum, me ya karanta, me ya iya.

Mun sha ganin matashi ya ruga wurin mai kwamfuta, a kwafo masa takardar wani a sauya suna kawai. Wannan kuskure ne. Tun ran gini ran zane. Shiri ake fara yi kafin rubutu.

Da farko, a tattaro takardu a baje su a tabarma: takardar haihuwa, shaidar CEP, BEPC ko BAC, da katin da hukumar ANIP ke bayarwa mai lambar NPI. A duba suna harafi bayan harafi. Sunayenmu da rubutun Faransanci ake rubuta su, sai ka ga Yusufu ya zama Issoufou a wata takarda, Youssouf a wata. A wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin mai ɗaukar aiki kuwa mutum biyu ne. Haka ma ranar haihuwa. In an ga saɓani, a nemi gyara tun kafin a buga sanarwar aiki, don gyaran takarda ba na kwana ɗaya ba ne.

Na biyu, kada mu raina abin da muka iya. Wanda ya yi shekara biyar yana riƙe wa maigidansa lissafin buhunan albasa, ya rubuta haka, da shekarun da wurin. Wanda ya koyi ɗinki ko walda, ya karɓi takarda daga ubangidansa, ya kuma tambayi yadda ake jarrabawar CQM, wadda gwamnati ke tabbatar da gwanintar masu sana'a da ita.

Na uku, harsuna. Ɗan Garu da ke jin Hausa da Dandanci da Fulatanci, ga Faransanci, yana da abin da mai digiri daga Kotonu zai rasa idan aka turo shi Alibori. A jera su duka, a faɗi wanda ake rubutawa da wanda ake ji kawai.

Sannan a rubuta da Faransanci, shafi ɗaya, da lambar wayar da ke aiki. A kai wa malamin lakwal ya duba, a kuma yi rajista a hukumar samar da aiki ta ANPE. Banda ƙarin gishiri, gama ramin ƙarya ƙurarre ne, ranar ganawa za a tambaye ka.

Iyaye, ku adana takardun yara, mata da maza, nesa da ruwa da gara. Mun ga abin da ambaliya ke yi a ƙasarmu. Allah ya ba mai nema sa'a, amin.