Fushin hanya a kan RN1: me ya sa ake tsangwamar masu manyan motoci daga Gidan Rumji zuwa Gazawa?

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, ko aka shiga bukukuwan aure na bayan kaka, kwaltar da ta ratsa jihar Maraɗi takan cika da motocin da ba a saba gani ba. 'Yan uwanmu ne mazauna Yamai, Agadas, Kano, Legas, Lome da Abijan suke tahowa ganin gida. Wani da V8, wani da Prado ko Hilux, wani da Marsandi mai sheƙi da ya daɗe yana tara kuɗinta.

A daidai wannan lokaci ne koke yake tashi ta fuska biyu. Masu motocin suna cewa ana zaginsu ba dalili, ana tare musu hanya da gangan, wani lokaci yara su yi jifa, kuma ko akuya suka taɓa sai gari ya taso musu. Mutanen bakin hanya su kuma suna cewa masu manyan motoci ba sa ganin kowa da gashi, suna ratsa gari kamar iska. To, jama'a, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bari mu bi maganar daki-daki, mu ga inda fushin yake fitowa, da yadda za a kauce masa.

Hanya ɗaya, tafiya iri-iri

RN1, wadda ake kira Hanyar Haɗin Kai, ita ce babbar hanyar ƙasarmu. Daga Yamai ta bi Dosso, Dogon Dutsi da Ƙonni, ta shigo jiharmu ta Gidan Rumji da Tsibiri, ta wuce Maraɗi, Cadawa, Agye, Gazawa da Tasawa, ta nufi Damagaram har Diffa. Layi biyu ne kawai: ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa.

A kan waɗannan layuka biyu manyan bas-bas na kamfanonin sufuri suke gudu, da tireloli, da Hiyas cike da 'yan kasuwa, da 'yan kabu-kabu, da adaidaita. A kansu ne kuma amalanken shanu da na jakai suke ɗauko gero, wake, riɗi da aya zuwa kasuwa. Garke yana tsallakawa, 'yan makaranta suna tsallakawa, 'yan talla suna bin motar da ta tsaya.

Abin da mai tahowa daga nesa yake mantawa shi ne, a garuruwa da yawa kwaltar nan ita ce tsakiyar gari. Masallaci yana wancan gefe, famfo yana wannan gefe, mai shayi da mai tsire suna bakinta. Direba yana ganin ya hau babbar hanyar ƙasa, mai gari kuma yana ganin an shigo masa ƙofar gida. Daga nan saɓanin yake farawa.

Lissafin da ido ba ya yi

Babbar mota tana yaudarar mai tuƙa ta. Gilashi a rufe, sanyi na kaɗawa, inji ba ya ƙara, ramuka ba sa girgiza mutum. Sai ya kai gudun kilomita 100 a awa yana jin kamar a 60 yake.

Ga lissafin. Motar da ke gudun 100 tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya ga abu, ƙafa ta kai ga birki, daƙiƙa guda ta wuce. Idan aka haɗa da tafiyar da motar za ta yi bayan an taka birkin, a kan busasshiyar kwalta mai kyau, sai ta ci kusan mita 80 kafin ta tsaya. Wato ya kusa tsawon filin ƙwallo. A gudun 50 kuwa, kusan mita 30 ya isa. An ninka gudu sau biyu, amma nisan tsayawa ya kusa ninkuwa sau uku.

Da dare abin ya fi muni. Ƙaramar fitilar mota, wadda ake komawa kanta in an haɗu da wata motar, ba ta haska nisan da ya kai mita 80. Amalanke kuma yana tafiyar kilomita 4 ko 5 a awa, galibi babu fitila babu ƙyalle mai ƙyalli a bayansa. Kun ga ke nan, lokacin da direba zai hango shi, aikin gama ya gama.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutane miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗurran hanya, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace asarar rayuka. Haɗarin hanya ne ya fi komai kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Hukumar ta kuma ce mai tafiya a ƙasa da mota ta buge da gudun 65, haɗarin mutuwarsa ya ninka sau huɗu da rabi a kan wanda aka buge da gudun 50. Mutumin ƙauye bai karanta wannan rahoto ba, amma ya yi jana'iza. Tsoron da yake ji in ya ga mota ta taho a guje, yana da tushe.

Me ya sa fushin ya fi faɗawa kan mota mai tsada?

Gaskiya bas da tirela sun fi V8 nauyi, kuma su ma suna gudu. Amma su an saba da su, an san lokutan wucewarsu, an san kamfanin da za a bi in wani abu ya faru. Mota mai baƙin gilashi kuwa ba a san ko wane ne a ciki ba. A ƙasar da ba a wuce mutum sai an yi sallama, motar da ba a ganin fuskar mai ita tana zama kamar raini tun kafin ta yi laifi.

Akwai kuma abin da aka daɗe ana gani. A idon talaka, V8 motar manya ce, ta masu mulki da masu kuɗi, waɗanda yake zaton ko sun yi ɓarna ba abin da zai same su. Sai ɗan garin da ya yi shekaru goma yana dako ko gadi a ƙasar waje ya gaji fushin da ba shi ya tara ba.

Sai ƙananan abubuwa da suke taruwa. Dogon ham a bayan tsoho mai amalanke. Fallatsa ruwan kwata ga masu zama a bakin hanya da damina. Tada ƙura a kan jar hanya, ta rufe abincin mai talla ko shanyar da mata suka baza. Jerin motocin biki da samari ke wasa da su a tsakiyar gari. Wanda ya yi ya wuce abinsa, wanda ya biyo bayansa da mota irin tasa shi zai sha zagin.

Ba za mu ɓoye ɗayan ɓangaren ba. Akwai hassada, akwai kuma masu neman na banza. Akwai ɗan kabu-kabun da zai ƙi ba da hanya don kawai ya nuna shi ma mutum ne. Akwai wanda in an taka masa kaza zai yanka mata farashin rago saboda ya ga lambar motar ta wata ƙasa ce. Akwai yaran da ke jifa manya suna kallo suna dariya. Dutse guda a gilashin motar da ke gudu yana iya kifar da ita, kuma a cikinta akwai mata da ƙananan yara. Wannan zalunci ne, ko wane ne mai motar.

Tsoron da ke haifar da tsoro

Inda abin ya fi haɗari shi ne bayan an yi karo. Direba ya sha jin labarin an daki wani, an farfasa motar wani, don haka da ya bugi abu sai ya ƙara wuta. Mutanen gari su kuma sun sha ganin an buge musu ɗa ko dabba an gudu, don haka duk wanda ya tsaya sai a kewaye shi, a ƙwace makulli, kowa na ihu. Gudun direba yana ƙara wa gari zafi, zafin gari yana ƙara koya wa direbobi gudu. Wanda ke kwance yana zubar da jini shi ne ke biyan kuɗin wannan rashin yarda.

A yammacin jiha akwai ƙarin dalili. Tun daga 2019, rikicin 'yan bindiga ya koro dubun-dubatar mutane daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa gundumomin Gidan Rumji da Madarumfa, har aka tsugunar da wasunsu a Ɗan Daji Makau, Garin Kaka da Cadakori. Satar shanu da sace mutane don kuɗin fansa sun taɓa ƙauyukanmu na bakin iyaka. A irin wannan yanayi, baƙuwar mota da dare tana tada hankalin gari, kuma mai motar shi ma in ya ga mutane sun tsaya a hanya, ba ya sanin ko 'yan gari ne ko ɓarayi. Kowa yana tsoron kowa.

Abin da doka ta tanada

Dokar hanya ta ƙasarmu ta wajabta wa direba ya rage gudu a cikin gari, ya kuma tsaya in ya yi haɗari. Gudu bayan an bugi mutum laifi ne mai zaman kansa, ban da laifin bugun. Haka nan dukan direba, ko fasa motarsa, ko ƙona ta, laifi ne da kotu ke hukuntawa, ko da shi ne ya jawo haɗarin. Direban da ya ga ransa na cikin haɗari a wurin, abin da aka saba shi ne ya zarce kai tsaye zuwa birgad ɗin jandarma ko kwamisariya mafi kusa ya kai kansa, ya faɗi inda abin ya faru don a kai ɗauki.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Kowace mota wajibi ne ta kasance da asirans, kuma amfanin wannan asirans shi ne biyan wanda motar ta yi wa ɓarna: kuɗin magani, diyya, ko asarar dukiya. Amma kamfanin asirans yana biya ne bisa takardar binciken da jandarma ko 'yan sanda suka rubuta a wurin. In taro ya ture motar, ko aka farfasa ta, ko aka karɓi 'yan jikkuna a bakin hanya aka ce an yafe, to mai rauni ne zai rasa hujja ranar da ciwon ya tsananta. Fushin mintuna goma yana iya cinye haƙƙin iyali gaba ɗaya.

Maganar akuya, kaza ko amalanken da ya karye, wannan mai gari ko hakimi suna iya sasantawa, doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu a irin waɗannan. In kuwa an zubar da jini ko an rasa rai, magana ta koma hannun hukuma. Lambar 'yan sanda 17 ce, ta 'yan kwana-kwana 18.

Ga masu tahowa gida

'Yan uwa mazauna nesa, ku tsara tafiyarku yadda rana ba za ta faɗi kuna hanya ba, musamman a yankin iyaka. Da kun hango gari, ku sauke ƙafa tun kafin gidan farko, ranar kasuwa kuma ku ɗauka kamar cikin gidanku kuke tuƙi. Ku duba permi, takardun mota da asirans tun kafin ku taso, kuma mai lambar wata ƙasa ya tabbatar asirans ɗinsa yana aiki a Nijar.

In an tare muku hanya ko an yi muku baƙar magana, ku sauke gilashi ku yi sallama. "Baba, sannu da aiki, a ɗan ba mu hanya" ta fi ham goma. "Ƙanena, yi haƙuri" tana kashe wutar da "ka san ko ni wane ne?" take hurawa. In kun gane taubashi ne, Bagobiri da Bazabarme ko Bafulatani da Babarbare, to an ma huta, wasa ya raba gardama. Kada ku bi wanda ya zage ku, kada ku fito da sanda. Kuma motar da za ta kwana a ƙauyen bakin iyaka, a yi tunanin idon da za ta jawo wa gidan da ta kwana bayan kun koma.

Ga mu da ke bakin hanya

Masu amalanke, ɗan ƙyalle mai ƙyalli ko tocila a baya ba su kai kuɗin ƙafar sa ɗaya ba. Iyaye, a tsawata wa yara kan jifa tun ba a kai ga gawa ba. 'Yan kabu-kabu, babur ba ya karo da Hilux a tashi kunnen doki. In haɗari ya faru, a fara da mai rauni, a nufi likita da shi. Dattawa biyu ko uku su tsaya kusa da direba su kore masa taro, wani ya rubuta lambar mota, wani ya kira jandarma. Garin da aka san ba a dukan direba a cikinsa, shi ne garin da direbobi za su riƙa tsayawa in tsautsayi ya faɗa.

Inda ake yawan haɗari kuwa, mai gari da magajin gari su kai kuka ga hukuma, a sa allo ko tudun rage gudu yadda ya dace. Gungumen itace ko tudun ƙasa da matasa ke tarawa da kansu cikin dare yana kifar da babur kafin ya tsayar da V8, kuma galibi ɗan gari ne a kan babur ɗin.

Sau da yawa wanda ke cikin motar nan mai baƙin gilashi ɗan wani ƙauye ne da ke gaba kaɗan, uwarsa na zaune tana jiran sallamarsa. Wanda ke kan amalanken kuma sa'an mahaifinsa ne. Allah ya kai matafiya gida lafiya, ya tsare na gida.