Tsirkiya Shida, Zango 12: Yadda Ake Koyon Buluz da Rok a Jita

A wajajen shekarar 1930, a wani ƙaramin gari mai suna Robinsonville da ke jihar Misisipi ta Amurka, an yi wani saurayi da ya addabi manyan makaɗa. Da zarar Son House da abokinsa Willie Brown sun ajiye jitarsu sun fita shan iska a wurin rawar daren Asabar, sai ya lallaɓa ya ɗauka ya yi ta ƙwaƙular tsirkiya, har 'yan rawa su fito su roƙi a zo a raba shi da ita. Haka Son House ya riƙa ba da labarin bayan ya manyanta. Ana nan sai aka daina ganin yaron. Ranar da ya sake bayyana ya zauna ya kaɗa, waɗanda suka saba korarsa suka saki baki.

Sunansa Robert Johnson. Jama'a suka ce ai Shaiɗan ya sayar wa ransa a wata mararraba da tsakar dare, irin dai zancen da ake yi a ko'ina idan mutum ya gagara a sana'arsa, a ce da iskoki yake aiki. Masu bincike sun gano abin da ya fi wannan kama hankali. Johnson ya koma yankin Hazlehurst, inda aka haife shi, ya tare a gidan wani makaɗi mai suna Ike Zimmerman, ya zama yaronsa. Iyalan Zimmerman sun ce su biyun kan tafi maƙabarta da dare su yi ta gwaji, saboda can ne babu wanda za su dama. Johnson ya rasu a 1938 yana da shekara 27, ya bar waƙoƙi 29 kacal da aka naɗa a 1936 da 1937, kuma har gobe masu koyon jita suna tsintar darasi a cikinsu.

Wanda ya ɗauki jita yau zai fara ne daga inda yaron Robinsonville ya fara, wato daga ƙarar da ba ta da daɗin ji. Jita tana da tsirkiya shida, ana ɗaure su daga mai kauri zuwa siririya a kan sautukan da ake wa laƙabi da E, A, D, G, B, E. Wuyanta kuwa gaɓa-gaɓa ne kamar karan rake, an gitta ƙananan ƙarafa a kai, kowace gaɓa da sautinta. Hannu ɗaya yana danne tsirkiya a gaɓa, ɗayan yana kaɗawa da yatsu ko da ɗan ɓallen roba. Makonnin farko wahala ce zalla: kan yatsu yana zafi, wani lokaci har ya yi bororo, sai bayan kamar wata guda fata ta yi kanta. Kamfanin Fender, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera jita a duniya, ya taɓa bayyana cewa kusan kashi 90 cikin 100 na sababbin masu koyo suna ajiyewa kafin shekara ta zagayo.

Ba kullum ne laifin mai koyo ba. Jita mai arha takan zo da tsirkiya nesa da wuya, sai an matsa da ƙarfin tsiya kafin sauti ya fita. Eric Clapton, wanda daga baya ya zama gwarzon buluz na Ingila, irinta aka saya masa yana ɗan shekara 13, ta gagare shi ya jingine ta, bai sake komawa gadan-gadan ba sai bayan kusan shekara biyu. Mai gyara zai iya sauko da tsirkiyar ko ya sa sirara, kuma wannan ɗan gyaran ya ceci mutane da yawa daga fid da rai.

Abin da ya sa malamai da dama ke fara ɗora ɗalibi a kan buluz shi ne ginshiƙinsa kaɗan ne. Ana buƙatar kod uku, wato kamun yatsu uku da kowanne ke fitar da sautuka da yawa a bugu ɗaya. A ce an zaɓi A, D da E. Sai a jera su a tafiya mai zango 12, kowane zango bugu huɗu: zango huɗu a kan A, biyu a kan D, a dawo A biyu, ɗaya a kan E, ɗaya a kan D, a sauka gida a kan A da zango biyun ƙarshe, sannan a sake ɗaukowa daga fari. Bugu 48 ke nan, kuma dubban waƙoƙi a kansu suke zaune. Mawaƙi yakan rera layi ɗaya, ya maimaita shi, ya kawo na uku ya warware zancen, a tsakanin layukan kuma jita tana ba shi amsa. Duk wanda ya taɓa sauraron mawaƙi da 'yan amshinsa ya san wannan tsari, sai dai a nan tsirkiya ce 'yar amshi.

Inda gizo ke saƙa shi ne takun. Buluz ba ya tafiya da bugu madaidaita kamar agogo. Kowane bugu an raba shi biyu, na farko dogo, na biyu gajere, sai kiɗan ya riƙa rangaji. Darasin farko da ake ba ɗalibi shi ne ya saki tsirkiya ta biyar ba dannewa, ya danne ta huɗu a gaɓa ta biyu, ya kaɗa su tare sau biyu, ya matsa gaɓa ta huɗu sau biyu, ya yi ta kai da komo. Yatsu biyu sun isa. Amma a riƙe wannan taku minti uku ba gudu ba ja da baya, ƙafa tana buga ƙasa, aikin watanni ne. Matasa da yawa suna tsallake wannan mataki don ɗokin kiɗan gwaninta mai sauri, kuma ana ganewa nan take idan suka zauna da wasu makaɗa: hannu yana gudu, taku babu.

Sai kuma tsanin sautuka biyar, wanda daga cikinsa ake zaro kusan duk wani kiɗan gwaninta na buluz da rok. Idan a kan A ake, yatsa manuni yana zama a gaɓa ta biyar, sauran yatsu suna kai wa ta bakwai da ta takwas. Ana iya haddace wurarensu a yini ɗaya. Abin da ba a haddacewa shi ne yadda ake sa su magana. Makaɗin buluz yakan tura tsirkiya sama da yatsa, wasu yatsu biyu suna tallafa masa, har sautin ya miƙe ya hau kamar muryar mai kuka, ya tsaya a wani wuri tsakanin gaɓa da gaɓa inda babu alamar da ta nuna shi. Kunne ne kaɗai alƙali. In turawar ta gaza kaɗan ko ta zarce, ko wanda bai san komai game da kiɗa ba zai ji wani abu ya karkace.

B.B. King, wanda ya rayu daga 1925 zuwa 2015, shi ne malamin wannan fanni. Ɗan'uwansa Bukka White yana kaɗawa ne da ƙarfe da yake zamewa a kan tsirkiya, dabarar da ta daɗe a Misisipi, domin tun wajajen 1903 mawaƙi W.C. Handy ya ga wani mutum yana yin haka da wuƙa a tashar jirgin ƙasa ta Tutwiler. King ya gwada ya kasa. Sai ya koya wa yatsansa karkarwa a kan tsirkiya don ya kwaikwayi wancan sauti, kuma wannan karkarwa ta zama tambarinsa, har ana gane shi daga sauti ɗaya. Ba ya yawan gudu, yakan bar fili tsakanin jimla da jimla. Ɗalibin da ya kwashe wata guda yana bin jimla huɗu na King har ya kama numfashinsu ya fi wanda ya haddace tsani goma riba.

Kunnen Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Yawancin kiɗan garaya, gurmi, molo da goge a kan sautuka biyar yake yawo, kuma wanda ya ji abin da Ɗanmaraya Jos ya yi da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ba zai yi mamakin jin cewa yaran Misisipi da yawa sun fara ne da waya guda da suka kafa a bangon ɗaki da ƙusa biyu, suna zame kwalba a kanta. Masani Gerhard Kubik ɗan Austiriya, a littafin da ya fitar a 1999 kan Afirka da buluz, ya danganta siffofi da yawa na wannan kiɗa da yankin da ya taso daga Mali ya ratsa arewacin Nijeriya zuwa Kamaru. Ali Farka Touré na Mali ma ya sha faɗa cewa da ya fara jin makaɗin buluz John Lee Hooker, kiɗan gida ya ji. Duk da haka buluz a Amurka aka haife shi, a gonakin auduga, a hannun jikokin bayi, kuma zango 12 da kod uku nasu ne.

Daga can ya hau jirgin ƙasa. Muddy Waters ya bar gona ya koma Shikago a 1943, ya tarar hayaniyar gidajen rawa ta fi ƙarfin jitar katako, ya koma ta lantarki. Chuck Berry ya ɗauki zango 12 ɗin nan ya ƙara musu wuta, ya miƙar da takun, ya fitar da "Johnny B. Goode" a 1958. A 1961, a tashar jirgin Dartford kusa da Landan, Keith Richards ya hangi Mick Jagger riƙe da fayafayan waɗannan mutane biyu, hira ta ɓarke, kuma ƙungiyar da suka shiga daga baya, Rolling Stones, daga wata waƙar Muddy Waters ta samo sunanta. Shi ya sa wanda ya iya buluz ya riga ya ci rabin hanyar rok.

Sauran rabin ya ma fi sauƙi a yatsu. Rok ya dogara da wani kod mai sauti biyu kawai: manuni a wata gaɓa, yatsan zobe a tsirkiya ta gaba, gaɓa biyu a sama. Siffar ba ta canzawa, jan ta ake yi sama da ƙasa a wuyan jita. An rage sautukan ne da gangan, domin idan aka ƙure amfilifaya har sauti ya dushe, cikakken kod yakan dagule, mai sauti biyu kuwa ya fito da kauri. Dave Davies na ƙungiyar Kinks reza ya sa ya tsaga lasifikarsa don ya sami wannan dushewa a "You Really Got Me" ta 1964. Yau akwai ɗan akwati da ake takawa da ƙafa ya ba da ita. Aikin da ke jiran ɗalibi shi ne kashe tsirkiyoyin da bai buƙata, da gefen tafin hannu da cikin yatsu, don jitar lantarki ba ta rufa asiri, duk abin da aka taɓa bisa kuskure sai ta sanar.

Kowace shahararriyar waƙar rok kuma tana da takenta, ɗan gajeren kiɗa da ake maimaitawa wanda da an ji shi an san mai zuwa, kamar yadda ake gane basarake daga taken da makaɗa suka buga. Wanda aka fi koya a duniya mai yiwuwa shi ne na "Smoke on the Water", waƙar da Deep Purple suka yi kan gobarar da ta cinye gidan caca na Montreux a Suwizalan a Disambar 1971. Sautuka huɗu ne. Yaro yakan iya shi a tsirkiya ɗaya a ranar farko, kuma wannan 'yar nasara ce take riƙe mutane da yawa har su wuce lokacin zafin yatsu. Ritchie Blackmore kuwa, makaɗin jitar Deep Purple, tsirkiya biyu yake kaɗawa tare da yatsunsa, shi ya sa nasa yake da wani kaifi da na masu koyo ba shi da shi.

Hanyar koyo ta canza ƙwarai. Mutanen dā sai su ɗora allura a kan faifai, su ɗaga, su mayar, har faifan ya goge. Jimi Hendrix, wanda mahaifinsa ya saya wa jitar dala biyar yana ɗan shekara 15, da kunne ya koya, kuma da yake bahago ne, sai ya juya jitar na-dama ya sake jera tsirkiyoyinta. Yanzu akwai rubutun layi shida, kowane layi tsirkiya ɗaya, lamba kuma tana nuna gaɓar da za a danne. Akwai manhajar waya da ke taya ɗaure tsirkiya, akwai dubban darussa a YouTube inda ake iya rage gudun bidiyo. Duk suna da amfani. Sai dai rubutun yana faɗin inda yatsa zai sauka ne, ba ya faɗin nauyin saukar, kuma wanda ya dogara da shi kaɗai yakan kaɗa waƙa daidai amma ba rai. Gogaggun malamai sukan sa ɗalibi ya rera jimla da bakinsa kafin ya neme ta a wuyan jita, ya naɗi kansa a waya ya saurara, ya kuma yi minti 20 kullum maimakon awa uku ranar Lahadi.

Jamhuriyar Nijar ta ba duniya misalai biyu na kusa. Bombino, ɗan Agadas, ya koya ne yana kallon bidiyon Hendrix da Mark Knopfler tare da abokansa, suna maimaitawa har su kama, kuma a 2013 ya fitar da kundin "Nomad" da aka naɗa a Amurka. Mdou Moctar kuwa iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba, kuɗin jita kuma babu, sai ya sassaƙa katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke. Kundinsa na farko, "Anar", a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da salon sarrafa murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a faɗin Sahel kafin wani kamfanin fayafayai na Amurka ya ji su ya nemo mai su. Shi ma bahago ne. Yana kaɗa Fender ta lantarki ba tare da ɓallen roba ba, da yatsa manuni yake shara tsirkiya sama da ƙasa, kuma bayan fitowar "Afrique Victime" a 2021 ya zagaya manyan dandamalin rok na Turai da Amurka da rawaninsa.